Koyon Sarrafa Na'urar Zuciya da Huhu da Fasahar AR

Na'urar zuciya da huhu ita ce ke karɓar aikin waɗannan sassa biyu na jikin mutum na ɗan lokaci, yayin da likitan fiɗa yake gyaran zuciya. Tana janye jini kafin ya shiga zuciya, ta cire masa gurɓatacciyar iska, ta ba shi oksijin, sannan ta tura shi cikin babbar jijiyar da ke raba jini ga sauran jiki. Muddin tana aiki, ana iya tsayar da zuciya cak, a buɗe ta, a ɗinke huda ko a sauya ƙofar da ta lalace, alhali ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna samun rabonsu na jini. Zuciyar baligi tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti, kuma ba likitan da zai iya ɗinki mai kyau a cikin tsokar da ke motsi, cike da jini. Idan kuwa aka tsayar da ita babu madadi, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintuna.

Wanda ya fara yin nasara da na'urar a ɗakin tiyata shi ne John Gibbon, likita a birnin Filadelfiya na Amurka. A farkon shekarun 1930, yana matashin likita a Boston, ya kwana yana lura da wata mata da gudan jini ya toshe wa jijiyar huhu, har ta rasu. Daga nan ya shiga neman hanyar da jini zai zagaye zuciya da huhu ya samu iska a waje. Shi da matarsa Mary sun shafe shekaru suna gwaji a kan kyanwoyi, daga baya kamfanin IBM ya ba shi injiniyoyi. Ranar 6 ga Mayu 1953 ya rufe huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, na'urar ta riƙe ta ita kaɗai na minti 26, budurwar kuma ta warke. Marasa lafiya biyu da suka biyo baya sun rasu, Gibbon bai ƙara yin irin aikin ba. Asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ne ya ɗauki na'urar ya gyara ta, a 1955 John Kirklin ya fara jera ayyuka da ita.

Abin da ɗalibi yake koya yana fitowa fili idan aka bi jinin daga fitarsa zuwa komawarsa. Likita yakan saka bututu a ɗakin sama na dama na zuciya, ko a manyan jijiyoyi biyu da ke maido da jini cikinsa. Jinin nan mai duhu ne, domin jiki ya riga ya shanye iskarsa. Yakan gangara ta tiyo mai faɗin rabin inci zuwa wani tanki na roba da ake ganin cikinsa, wanda ke ƙasa da gadon tiyata. Gangara ce ke kawo shi, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota zuwa jarka a ƙasa, kuma kamar can, idan iska mai yawa ta shiga tiyon sai kwararar ta tsaya. Daga tankin, famfo ke ɗaukar jinin ya tura shi ta sashen da ke ɗumama shi ko sanyaya shi, sannan cikin huhun roba. Wannan huhu dunƙule ne na dubban zaruruwa sirara masu rami. Iska na bi ta cikinsu, jini na bi ta wajensu, oksijin ya ratsa zuwa jini, kabon dayoksaid ya fita. Faɗin fuskar zaruruwan gaba ɗaya wajen murabba'in mita 2 ne, na huhun mutum kuwa ya ninka haka sau da yawa, shi ya sa ake hura wa na robar iska mai oksijin fiye da ta sarari. Jinin ya fito ja wur, ya bi ta matata, ya koma jiki ta bututun da aka saka a awota, wato babbar jijiyar da ke fita daga zuciya.

Ban da wannan babbar hanya, akwai ƙananan famfuna. Wasu na tsotse jinin da ya zuba a wurin aiki su maida shi tanki, wani na rage jinin da ke taruwa cikin zuciya, wani kuma na kai ruwan da ke tsayar da ita. Ruwan nan yana ɗauke da sinadarin fotasiyam mai yawa, galibi da sanyi, ana tura shi jijiyoyin zuciyar bayan likita ya matse awota. Kafin a fara komai, ana ba marar lafiya maganin hefarin don kada jini ya daskare a cikin tiyo. Jinin mai lafiya yakan daskare a gwajin da ake yi cikin daƙiƙa 100 da ɗoriya, amma ba a kunna na'ura sai ya kai 400 zuwa 480. Idan an gama sai a warware hefarin da wani magani, furotamin.

Babban famfon iri biyu ne, kowanne da halinsa. Mai mirginawa yana matse tiyo yana tura abin da ke ciki, ko jini ne ko iska, kuma idan aka toshe gabansa ba ya fasawa har sai tiyo ya fashe ko mahaɗa ta ɓalle. Mai juyi yana wulwula jini ne, ba ya fasa tiyo haka nan, amma idan ya tsaya ba a matse layin ba, jini yakan juyo daga jikin marar lafiya ya koma na'ura. Wanda ya saba da ɗaya yana iya yin kuskure a kan ɗayan.

Duk wannan yana hannun mutum ɗaya da ke zaune bayan na'urar, ƙwararre na daban da likitan fiɗa da likitan sa barci. Idonsa na kan abubuwa da yawa lokaci guda. Yana riƙe kwararar jini a kan lita 2.2 zuwa 2.4 a minti ga kowane murabba'in mita na faɗin jikin marar lafiya, yana riƙe ƙarfin bugun jini tsakanin 50 da 80 a ma'auni, yana duba zafin jiki, da launin jini a tiyo, da sakamakon gwajin iskar jini. Amma abin da ba ya barin idonsa shi ne tankin. Lissafin mai sauƙi ne. Idan famfo na tura lita 5 a minti, tanki kuma na ɗauke da lita 1, sai wani ya taka tiyon da ke maido da jini ko bututu ya goce, to cikin daƙiƙa 12 tankin ya ƙafe, famfo ya fara tura iska zuwa ƙwaƙwalwa. Idan rabin lita ne a ciki, daƙiƙa 6. Na'urorin yanzu suna da ma'aunin da ke lura da tankin da wanda ke gano kumfa a tiyo, suna buga ƙararrawa har su tsayar da famfo. Duk da haka ana horar da mai sarrafa na'ura tamkar babu su, domin su ma suna iya lalacewa, ana kuma iya manta kunna su.

Horar da irin wannan mutum yana da wuya. Daɗaɗɗiyar hanya ita ce ɗalibi ya zauna gefen malami a ɗakin tiyata, ya kalla, a hankali a riƙa sakar masa hannu. A Amurka hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa tana neman ɗalibi ya riƙe na'ura a aiki 75 kafin ya zauna jarrabawa. A Japan aikin yana hannun injiniyoyin asibiti, waɗanda dokar 1987 ta kafa sana'arsu. Hanyar kallo tana da giɓi babba. Aiki 75 na iya wucewa lafiya lau, ɗalibi ya kammala bai taɓa ganin huhun roba ya gaza ba, bai ga wuta ta ɗauke tsakiyar aiki ba, bai ga iska ta shiga layin awota ba. In ma abin ya faru yana wurin, malami zai ture shi gefe ya karɓa, kuma haka ya kamata, tunda rai ne a kan gado. Wato abin da ya fi buƙatar gwajin hannu shi ne wanda ɗalibi ba ya samun damar taɓawa.

Makarantu sun daɗe suna cike giɓin da ɗakin gwaji. Mafi sauƙinsa bokitin ruwa mai launi a madadin marar lafiya, a haɗa shi da na'ura ta gaske. Daga baya aka ƙera na'urorin kwaikwayo, irin su Orpheus da likitoci biyu a Ostareliya, Richard Morris da David Pybus, suka bayyana a 2007. Akwati ne mai tankuna da bawul da kwamfuta ke sarrafawa, yana amsa abin da ɗalibi ya yi kamar yadda jijiyoyin mutum za su amsa. Suna da amfani ƙwarai, sai dai tsada. Ita kanta na'urar zuciya da huhu kuɗinta ba kaɗan ba ne, tiyo da huhun roba kuwa sau ɗaya ake amfani da su a jikin marar lafiya. Makaranta mai ɗalibai da yawa da na'ura ɗaya, kowa ɗan lokaci yake samu.

A nan fasahar ɗora hoto a kan zahiri, wadda aka fi sani da AR, ta samu ƙofar shiga. Mutum yana kallon abin da ke gabansa ta kyamarar waya, ko kwamfutar hannu, ko wani tabarau na musamman, sai manhaja ta zana hoto ko rubutu a kan abin, hoton ya zauna daram a wurinsa ko da mai kallo ya matsa. Mai kallon ƙwallo a talabijin ya san irinta, layin nan da ake shimfiɗawa a fili don nuna satar gida, wanda babu shi a kan ciyawar. Ta bambanta da fasahar VR, wadda ke rufe idon mutum gaba ɗaya ta kai shi wata duniyar da kwamfuta ta zana. Mai amfani da AR yana ganin hannunsa, yana ganin na'urar, yana ganin abokin aikinsa. Manhajar takan gane inda take ko dai ta wata alama da aka manna a jikin na'ura, ko ta auna siffar ɗakin da kyamarori. An fara kiran fasahar da wannan suna a kamfanin jiragen sama na Boeing a farkon shekarun 1990, inda Tom Caudell da David Mizell suka nemi hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi yayin haɗa wayoyin lantarkin jirgi. Matsalar tasu ta yi kusa da ta ɗalibin da ke tsaye gaban tarin tiyo. A fannin lafiya, Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland ta yi suna wajen koyar da sassan jikin mutum da tabarau na HoloLens, wanda Microsoft ya fitar a 2016. A 2019 kuma wasu masu bincike a Japan sun wallafa bayanin manhajar AR ta waya da kwamfutar hannu da suka ƙera don ɗaliban da ke koyon na'urar zuciya da huhu.

Wurin da amfaninta ya fi bayyana shi ne haɗa na'ura. Ɗalibi ya buɗe kwalin tiyo, ga layuka birjik, masu alamar ja, masu shuɗi, masu rawaya. Da ya ɗaga ido, sai tabarau ya haska masa maƙalin tanki, ya nuna yadda tankin zai zauna. Ya ɗora, hasken ya koma kan famfo na farko, da kibiya mai nuna ta inda tiyo zai shiga da ta inda zai fita. Wannan kibiya ba ƙaramin abu ba ce. Idan aka juya tiyon famfon da ke tsotsar jini daga zuciya, maimakon ya tsotsa sai ya hura iska cikinta, kuskure ne da aka sani a wannan sana'a, shi ya sa ake tsoma bakin layin cikin ruwa a ga ko yana ja kafin a kai shi jiki. Manhajar na iya ƙin wucewa mataki na gaba sai ɗalibi ya yi wannan gwaji. Daga nan sai cika layuka da ruwa, lita 1 zuwa 1 da rabi ga baligi, da korar iska. Kumfa takan laɓe a kusurwar mahaɗa, a saman matata, a cikin huhun roba, sai an bubbuga an karkata kafin ta fito. Manhajar takan kewaye waɗannan wurare da da'ira, ɗalibi ya san inda zai leƙa. Littafi ma yana faɗin duk wannan, amma mai karanta littafi sai ya ɗauke ido daga na'ura, ya fassara zanen takarda zuwa abin da ke gabansa, hannunsa ɗaya na riƙe da shafi.

Amfani na biyu ya fi na farko zurfi, wato nuna abin da ido ba ya gani. A ɗakin tiyata mai sarrafa na'ura yana zaune ƙasa, bayan likitoci, sau da yawa ba ya ganin zuciyar da yake wa aiki. Da AR ana iya tsayar da hoton ƙirjin marar lafiya a kan gadon gwaji, da zuciya da jijiyoyi da bututun a cikinsu. Ɗalibi ya matse layin da ke maido da jini kaɗan, ya ga zuciyar hoton ta cika ta kumbura, tankin kuma ya ragu. Ya saki, ya ga ta motse. Ya ƙara iskar da ke bi ta huhun roba, ya ga kabon dayoksaid ya sauka. Ya rage oksijin, ya ga jan jinin ya dusashe. Ya yi gaggawar ɗumama jini, hoton ya nuna masa kumfa na fitowa daga cikinsa, ya gane dalilin da ya sa ake hana tazarar zafi ta wuce digiri 10, ake kuma hana jinin da ke komawa jiki ya wuce digiri 37. Jini ɗaya ne ke kai-komo tsakanin jiki da tanki, abin da ya ragu a nan ya ƙaru a can. Ɗalibai kan haddace wannan magana tun makon farko, amma hannu bai cika yarda da ita ba sai ido ya gani sau da yawa.

Lokuta biyu ne wannan fahimta take da muhimmanci fiye da kowane, hawa na'ura da sauka. Wajen hawa, likita ya ba da umarni, mai na'ura ya maimaita da ƙarfi, ya saki layin awota, ya fara juya famfo a hankali yana duba matsin layin, sannan ya buɗe layin dawowa, hannu biyu na tafiya tare har kwarara ta cika. Sai ya sanar, likitan sa barci ya kashe na'urar numfashi. Sauka ta fi wuya. Jiki ya ɗumama, zuciya ta dawo bugawa, an sake kunna numfashi, sai a riƙa matse layin dawowa kaɗan-kaɗan don zuciya ta karɓi jini, ana rage famfo daidai gwargwado. A cika ta da yawa ta kumbura ta gaza, a rage mata bugun jini ya faɗi. Manhajar da aka haɗa da na'urar kwaikwayo tana bari ɗalibi ya maimaita wannan har ya gaji, da zuciya mai ƙarfi yau, da raunanniya gobe.

Sai haɗurra. Malami na gefe da kwamfutar hannu, ya danna, ɗalibi ya ga jinin layin awota ya fara duhu. Ko bututun iska ne ya cire, ko huhun roba ne ya gaza, sai ya bi layin iska daga bango zuwa na'ura ya gano. Idan huhun ne, sauya shi yana nufin tsayar da jinin marar lafiya, a matse, a yanke tiyo, a haɗa sabo, a kore iska, duk cikin 'yan mintuna. Malami ya danna wani wuri, allon na'ura ya mutu, ɗalibi ya lalubo hannun ƙarfen da ake juya famfo da shi, ya juya ta ɓangaren da ya dace, da saurin da ya dace. Ko kuma hoto ya nuna iska na gudu a layin awota, ya tsayar da famfo nan take, ya matse layuka biyu, ya ɗaga murya a sunkuyar da kan gado. Manhajar na ajiye lokacin da kowane mataki ya ci, wasu tabarau ma suna bin inda ido ya kalla. Bayan an gama ana iya nuna wa ɗalibi cewa ya yi daƙiƙa kaza yana kallon allo alhali tanki na ƙafewa. Irin wannan gyara ya fi tsawar malami shiga jiki.

Fasahar tana da iyaka, kuma iyakar ta fara ne daga hannu. Matse tiyo mai rabin inci da ƙarfen matsi yana son ƙarfin yatsa. Tura tiyo a kan mahaɗa da safar hannu mai santsi, ba tare da an taɓa bakin da ya kamata ya zauna tsaf ba, abu ne da tsoka ke koya. Ƙwararru kan ɗora yatsa a kan layin awota su ji bugunsa, sukan ji sauyin ƙarar famfo ko karkarwar layin dawowa tun kafin ƙararrawa ta buga. Hoton da ke shawagi a iska ba shi da nauyi, ba shi da santsi. Don haka manhajar da ke nuna na'urar hoto a kan teburin ɗaki tana koyar da sunayen sassa da jerin matakai ne kawai, wanda ba laifi ga mai farawa. Horo na sosai yana samuwa ne idan an ɗora hoton a kan na'ura ta gaske mai tiyo da ruwa.

Akwai kuma haɗarin dogaro. Ɗalibin da kullum kibiya ke nuna masa hanya yana iya zama gwani wajen bin kibiya, ranar da aka cire tabarau ya tsaya yana zare ido. Maganin abin shi ne a riƙa janye taimakon a hankali, daga cikakken nuni zuwa gargaɗi idan an yi kuskure, daga nan zuwa shiru, jarrabawa kuma a yi ta babu tabarau. Rubutu da launuka masu yawa a gaban ido suna iya rufe abin da ya kamata a gani, domin hankali yakan bi abin da ke walƙiya ya bar tankin da ke ƙasa shiru. Hoton ma yakan goce daga wurinsa idan haske ya sauya ko ƙarfe ya yi ƙyalli, kibiyar da ta goce da ɗan yatsa biyu kuwa tana iya nuna famfon da ba shi ba. Su kansu tabarau suna da nasu. HoloLens 2, wanda ya fito a 2019 a kan dala 3,500, nauyinsa ya haura rabin kilo, batirinsa awa 2 zuwa 3, filin da hoto ke bayyana a ciki kuma bai kai faɗin ganin ido ba. A 2024 Microsoft ya daina ƙera shi, abin da ya nuna cewa makarantar da ta gina darasinta a kan kayan kamfani ɗaya tana iya wayar gari da manhaja babu abin ɗora ta.

Binciken da ake yi a kan irin wannan horo galibi na ɗalibai kaɗan ne a makaranta ɗaya, ana auna saurin haɗa na'ura, ko yawan kuskure, ko ra'ayin ɗaliban. Waɗannan ma'aunai ne masu amfani, amma nisa ne tsakaninsu da lafiyar marar lafiya a kan gado. Ɗalibi yana iya jin daɗin sabon abu ba tare da ya fi na bokitin ruwa iyawa bayan wata 6 ba. Sannan rabin aikin magana ce. Likitan fiɗa, da likitan sa barci, da mai na'ura, kowa na riƙe da ɓangaren da ɗayan ba ya gani, kuma ƙaramin ma'aikaci dole ya iya katse babban likita ya ce jini ba ya dawowa, a duba bututu. Wannan ba ya koyuwa sai an tara mutanen uku a ɗaki ɗaya ana gwaji tare.

Ƙasashen da ba su cika yin tiyatar zuciya ba suna da buƙata ta musamman a nan. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu a 1974, da tawagar da ta haɗa da Fabian Udekwu da Magdi Yacoub, amma aikin a ƙasar ya yi ta tsayawa yana tashi, sau da yawa ya dogara da zuwan tawagogi daga waje. Masu buƙata kuwa suna nan da yawa, yara da aka haifa da huda a zuciya, da matasan da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya kai ga lalata musu ƙofofin zuciya. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe kusa da Khartoum a 2007 ta karɓi marasa lafiya irin waɗannan daga ƙasashen Afirka da dama. Inda ake aiki jefi-jefi, matsalar mai na'ura ba ta tsaya ga koyon farko ba, hannu ne ke sanyi tsakanin wannan aiki da na gaba. Manhajar da ke aiki a waya, da na'urar asibitin kanta, da tsohon tiyon da wa'adinsa ya ƙare ba a yi amfani da shi ba, sun isa a riƙa maimaita haɗawa da juya famfo da hannu kowane mako. Kyamarar ma tana ba malami da ke wata ƙasa damar ganin abin da ɗalibi ke gani, ya zana masa alama a kan na'urar, in dai intanet ɗin bai yanke ba.

Aikin shirya manhajar shi ma ba na mako ɗaya ba ne. Na'urorin kamfanoni sun bambanta wajen jerin famfuna da maɓallai, kowane asibiti kuma yana da tsarin tiyonsa da likitocinsa suka saba da shi. Dole a zana siffar ainihin na'urar da ɗalibi zai yi aiki da ita, a rubuta matakan bisa ƙa'idar asibitin, ƙwararren mai sarrafa na'ura ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Duk lokacin da aka sauya huhun roba zuwa na wani kamfani, ko aka ƙara ma'auni a layi, sai an koma an gyara zanen da matakan kafin ɗalibi na gaba ya ɗora tabarau.